Motata tana otal, ni ina shago

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don girman Allah a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, yau kwana uku ke nan ko abinci ba na iya ci.

Ni matar aure ce, 'ya'yana biyu, muna Dutse Uku, ina da shagon atamfa a Terminus. Maigidana a Abuja yake aiki, sai ƙarshen wata yake zuwa. Bara da fetur ya gagare mu ya sayo min 'yar mota mai lantarki, wai in huta da layin gidan mai. Cajar da ta zo da ita ta soket ɗin gida ce, sai ta kwana ta wuni ba ta cika ba, ga wutar unguwarmu, a kawo a ɗauke kamar da gayya. Caja mai saurin nan da ake labari, ni dai ban san inda take a Jos ba. Wadda na samu matsakaiciya ce, awa huɗu zuwa biyar, kuma a harabar wani otal take a Rayfield.

Da na gaya wa maigida, buɗar bakinsa sai ya ce matarsa ba za ta taka otal ba ko da caji ne, in yi haƙuri da ta gida. Na ce to. Na yi ta haƙuri har ranar da mota ta mutu min a titi da yara a ciki, sai turo mu aka yi. Daga nan na yi gaban kaina, kuma na san nan ne laifina. Duk bayan kwana uku in kai ta da safe, in jona, in hau keke in wuce shago, bayan azahar in dawo in ɗauka. Wallahi ko ruwan otal ɗin ban taɓa sha ba.

Ranar Litinin Yaya, wan maigidana, ya raka baƙinsa can sai ya ga motar. Ba ta ɓuya, ita kaɗai ce irinta a unguwarmu. Ya kira ni ya tambayi inda nake, na ce ina shago. Gaskiyata na faɗa fa! Ashe a gaban motar yake tsaye. Bawan Allah bai san amfanin wayar lantarkin da ke jone a jikinta ba, shi dai ya ga mota a ajiye, to mai ita tana ciki ke nan. Ya samu wuri ya zauna yana jira. Su kuma otal ɗin ba sa barin keke ta babban get, a ƙofar baya ake sauke mutum, hanyar kuma ta gefen ɗakuna take ɓullowa. Ta nan ya ga na fito ina gyara mayafi. Innalillahi!

Kafin la'asar magana ta kai wa Hajiya surukata, ta kai Abuja. Na kira maigida ina kuka ina bayani, ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce abu ɗaya yake son ji, ya hana ni zuwa ko bai hana ni ba? Na ce ya hana. Ya ce wadda ta ɓoye masa wannan wata da watanni, me kuma ba za ta ɓoye ba. Ya kashe waya. Jumma'a zai zo, za a zauna a gidan Hajiya.

Maman Nanret, maƙwabciyata a shago, ta ce za ta zo ta dafa Baibul ta rantse cewa a gabanta na wuni ranar. Amma in na kai ta, magana ta fita kasuwa ke nan, kun san bakin 'yan Terminus. In ban kai ta ba, bakina ne kawai da idon Yaya, kuma shi ne babba a gidan.

Shekara tara muna tare da mutumin nan. Bai ce ya yarda da Yaya ba, amma bai ce ya yarda da ni ba, wannan ne yake cin raina. In kai shaida ko in je ni kaɗai? In kuma na kai ta na wanku, don Allah ku gaya min, yaya ake zama da mijin da sai da aka rantse masa ya yarda da ke?