Kekena Ya Daina Nutsewa Idan Na Hau

Assalamu alaikum Malam Surajo. Don Allah ka taimake ni da shawara, kuma kada ka yi mini dariya in ka ga tambayar tawa a kan keke take. Na zaɓe ka ne saboda ka taɓa faɗa a wannan fili cewa kai ma kana hawa, don haka ba sai na wahala wajen bayani ba.

Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ina zaune a Kado cikin Abuja da matata Mashkura da 'ya'yanmu mata biyu. Shekaruna sun haura arba'in. Muna da ƙungiyar masu hawan keken dutse. Duk Asabar bayan sallar asuba mukan haɗu a Dutsen Alhaji, mu bi hanyoyin ƙafa da ke bayan gari ta wajen Bwari, mu hau mu gangaro har rana ta yi zafi. Tumbi ne ya kai ni cikinsu tun farko. A lokacin ina da jiki sosai, har suka sa mini suna Tirela, domin a hawa ni ne na ƙarshe, a gangara kuwa kowa sai ya ba ni hanya.

Saboda nauyin nan ne na sa wa kekena shokazoba, wato abin shanye girgiza, mai sifirin a baya, irin murɗaɗɗen ƙarfen nan, maimakon mai iska. Ka san sifirin da nauyin mai shi ake sayensa. Abednego, mai gyara mana kekuna, sai ya ɗora ka a sikeli da hular kwanonka da jakar ruwanka a gaban kowa, sannan ya yi odar wanda ya dace da kai. In ka zauna a sirdi, dole keken ya ɗan nutse, kusan sulusin abin da yake iya nutsewa. Nawa ya zauna daidai. Wallahi na ji daɗin keken nan, duwatsu nake bi kamar a kan katifa.

To tun wajen ƙarshen damina na lura ya rage nutsewa. Na koma wurin Abednego, ya auna ni, ya ce nauyina ya sauka sosai, aka yi odar sifirin mai laushi. Ranar nan abokai har tafi suka yi mini. A ofis ma kowa yana cewa oga ya gyaru, wasu na tambayata sirrin. Na yi ta murmushi ina cewa keke ne.

Yanzu sabon sifirin ɗin ma ya yi mini tauri. In na zauna, da ƙyar yake motsi. Asabar da ta wuce muna gangarowa daga wani tudu mai tsakuwa, tayar baya ta riƙa tsalle ta ƙi kama ƙasa, na danna birki bai amfane ni ba, keken ya watsar da ni. Kafaɗa kawai na kuje, Allah ya kiyaye. Tun ranar gardama ta ɓarke a gurup ɗinmu na waya. Aminina Badaruddeen ya dage sai na koma mai iska, domin da ɗan famfo zan riƙa daidaita shi da kaina. Wasu kuma suka ce a duwatsunmu babu kamar sifirin, in sake odar wani kawai. Kowa ya zama injiniya a kaina, ni kuwa ina ta karantawa.

Malam, ga abin da ban faɗa musu ba. Ban rage cin abinci da gangan ba, kuma ban ƙara nisan tafiya ba. Gaskiya ma tafiyar na rage. Abincin ne ba ya shiga, loma kaɗan sai in ji na cika. Cikina yana murɗawa, kuma na jima ina ganin jini idan na zaga. Haka mahaifina ya fara a Zariya ina saurayi. Da ƙafarsa ya shiga asibiti, gawarsa aka fito da ita. Har yau ba na iya jure warin asibiti. Tsoro nake ji, tsoro mai tsanani, kuma wannan ne karo na farko da na faɗi haka ga wani mahaluki.

Shi ya sa zuciyata ta fi karkata ga mai iska. Ba zan sake hawa sikelin Abednego a gaban mutane ba. Duk lokacin da na ƙara sauka, sai in shiga gareji in rage iska kaɗan, in jingina da bango in gwada, babu wanda zai sani. Mashkura kuma keken take ɗora wa laifi. Kullum maganarta in sayar da shi domin yana shanye mata miji, ni kuma na bar ta a haka saboda ya fi sauƙi. Kwanan nan na sa wandunan ofis na ji sun zauna mini daidai. Ashe ta kai wa tela ya rage su, ba ta ce mini komai ba. Na tsaya a ɗaki riƙe da wando na rasa abin yi.

Keken nan shi kaɗai ne wurin da nake manta komai. Ba na so in rasa shi. Wanne zan sa, mai iska ko mai sifirin? Kuma kana ganin in na ci gaba da motsa jiki da addu'a, abin ba zai wuce da kansa ba?

Naka,
Tirelan da ya zama Keke Napep, Kado

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ban yi dariya ba, sai a wurin sunan da ka sa wa kanka, ita ma ba ta daɗe ba.

Bari in fara da keken, tunda shi ka sa a gaba. Abokanka duka suna da gaskiya. Sifirin ya fi laushi a kan ƙananan duwatsu, ba ya canza hali idan ya yi zafi a doguwar gangara, kuma ba ya yawan neman gyara. Aibinsa nauyi, sannan ɗaya ne tak ga nauyi ɗaya. Murɗa zoben da ke kansa ba zai mayar da mai tauri ya zama mai laushi ba. Mai iska ya fi rashin nauyi, ya fi daɗi a hawa, kuma kana daidaita shi da famfonsa yadda kake so. Amma robobin cikinsa suna son kulawa, ƙura tana cinsu, kuma yakan ɗan yi tauri in ya ɗumama. Ga mutumin da nauyinsa ke canzawa, mai iska ya fi dacewa. Badaruddeen bai yi kuskure ba, bisa abin da ka bari ya sani.

Sai dai ni ka gaya mini abin da ba ka gaya masa ba, don haka ba zan ce ka saya ba. Ba don gangara kake son mai iska ba, kana sonsa ne don ya taya ka ɓoyewa. Sifirin ɗin kekenka ya gaya maka gaskiya sau biyu ke nan, na biyun har da ƙasa ya haɗa ka. Kada ka cire shi yanzu.

Ni ba likita ba ne, ba zan sa wa ciwonka suna ba. Jini irin wannan yana da dalilai da yawa, wasunsu masu sauƙin magani. Amma rama ba gaira ba dalili, da rashin cin abinci, da jini, ga kuma abin da ya sami mahaifinka, ba abin da ake jira ya wuce da kansa ba ne. Ka je asibiti cikin makon nan, ka faɗa wa likita duk abin da ka rubuto mini, har da labarin mahaifinka. Ka yi addu'a, ƙwarai kuwa, amma ka yi ta a kan hanyar zuwa. Na fahimci tsoronka, kuma ba zan yi maka alkawarin sakamako mai daɗi ba. Abin da na sani shi ne, ko mene ne, ganinsa yau ya fi ganinsa bayan Sallah. Ka dakata da gangara har sai likita ya yarda, domin mai zubar da jini jiri na iya ɗibarsa a kan tudu.

Sai maganar Mashkura. Matar da ta kwashi wandunan mijinta ta kai wa tela ba ta ce komai ba, ta riga ta sani. Ba keken take zargi ba. Ita ma tsoro take ji, ta sami abin da za ta iya yi wa faɗa ne kawai. Kuna gida ɗaya kowa yana ɗauke da abu guda shi kaɗai, kana ganin kamar tausayinta kake yi, alhali ka bar ta ne tana auna ka da ido.

Kai mahayi ne, ka san ba a gwada nutsewar keke da jingina a bango. Wani ne yake riƙe maka kan keken, ka ɗauke ƙafafunka daga ƙasa, shi ya duba. Yau in yara sun tafi makaranta, ka zaunar da ita ka gaya mata, sannan ka ba ta makullin mota ta kai ka.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa abin ya zo da sauƙi, ya bar wa 'ya'yanka ubansu. Ina roƙon Allah ya kai mu ranar da za ka hau sikelin Abednego a gaban kowa, ya ce maka tsohon sifirin ɗin nan mai tauri za a mayar.

Malam Surajo