Naɗin Takardar da Ka Koya Mini

Zuwa ga Alhaji, maigidana na dā, shugaban masu shagunan magani na kasuwarmu ta Sabon Birni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na zaɓi in rubuto maka a bainar jama'a ne domin a bainar jama'a ka kore ni.

Na farko. Shekara huɗu na yi a shagonka ina naɗe haɗi, wato ƙwayoyin nan huɗu, ja da ruwan ɗorawa da farare biyu, babba da ƙarama, da manoma ke saye da sunan maganin gajiya. Kai ka koya mini yadda ake ninka takardar sau uku a cusa bakinta ciki. Da hannuna nake kai wa mahaifina a garinmu Turba, yana sha kullum in ya taso daga gona, cikinsa ba komai sai ruwan fura. Ana tsakar girbin gero ya yi aman jini a kan kunyar gona. A kan babur muka kai shi asibitin Isa, ina riƙe da shi kamar damin kara. Allah ya yi da sauran kwanansa.

Na biyu. Da likita ya ce haɗin ne ya huda masa ciki, na dawo na roƙe ka mu daina. Ranar kasuwa ce, shago cike. Ka ce ɗan manomi da bai iya karanta kwali ba shi za ya koya maka sana'a? Ka karɓe mabuɗin shago daga hannuna, mutane na dariya. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba, kuma ba ni ɓoye maka, na daɗe ina jin haushinka.

Na uku, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Ɗan manomin ya tafi makarantar koyon aikin lafiya, ya yi shekara uku yana karatun magunguna. Na sha wuya, Turanci ya wahalshe ni, amma mai nema yana tare da samu. Can na gano uku daga cikin ƙwayoyinka 'yan gida ɗaya ne: aikinsu guda, ba su ƙara wa juna ƙarfi, sai dai su taru su ci bangon ciki. 'Yar ƙaramar farar kuwa ita ke ƙara musu ɓarna. Alhamdu lillahi, na fito da shaidata, yau ni ke ba da magani a wani asibiti a Isa. Kwalin da ka ce ban iya karantawa ba, har na Faransanci da ake shigowa da shi daga Nijar ina duba shi in ce wa mutum ajiye wannan.

Makon jiya aka kawo mana wata dattijuwa, jiri na ɗibarta, bayan gidanta baƙi ƙirin. An tambaye ta, ta ce ba ta shan komai. Ni na lura da ƙullin da ke bakin zanenta. Da aka kwance, takarda ce ninki uku, baki a cushe. Tun ban buɗe ba na san abin da ke ciki, na gaya wa likita, aka fara abin da ya dace nan take. Alhaji, Inna ce, mahaifiyarka. Ciwon gwiwa take sha wa, daga shagonka ake aiko mata. Jiya ta sha kunu da kanta, har tana yi mini tsiyar na rame da boko.

Roƙona biyu ne. Ka hana naɗe haɗi a shagonka da shagunan da ke ƙarƙashinka. Sannan ka tara mini masu shagunan ranar da ka ga dama, za ni zo in yi musu bayani da Hausa, kyauta, a daidai ƙofar da aka yi mini dariya.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya yi wa kasuwarka albarka da abin da ba ya cuta. Takardar tana wajena, in ka zo dubiya za ni ba ka ka gane naɗinka.

Wassalam.

Naka, Sanusi Mamman Turba.