Ƙafar Gadar Gidanmu

Litinin, 3 ga Maris
Ban gaya wa kowa ba, amma ban yarda gadar nan za ta tsaya ba. Wadda Turawa suka bar mana, ruwa ya cinye ta bara, Kaka kuma ta ce irin wannan ba aikin hannunmu ba ne. Duk da haka unguwa ta zauna ta yanke: gwamnati ta kawo siminti da injiniya, mu mu gina. Baba ya ce in damina ta faɗi babu gada, ba ni ba sakandaren tsallaken kogi. Ba zai sa 'yarsa a kwalekwale ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Injiniyar mace ce! Da harshenmu take ba da umarni, manyan maza suna "To, Injiniya." Na kasa gaishe ta, na laɓe bayan buhunan siminti.

Asabar, 29 ga Maris
Ashe siminti yana shan ruwa kamar shuka. An raba ƙafafun gadar gida-gida, kowa ya riƙa jiƙa tasa safe da yamma, in ba haka ba ta tsage. Tamu ce ta tsakiya. Yaya ya ce, "Yanzu dutse zan yi wa ban-ruwa?" Kaka ta ce, "Gobe kuma a ce ku kai masa abinci." Aka yi ta dariya. Da kowa ya watse na ɗauki bokiti.

Laraba, 2 ga Afrilu
Kafaɗuna, wayyo.

Juma'a, 18 ga Afrilu
Injiniya ta bi ƙafafun tana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma, kunnenta a jikinsu. Ta gidan tela ta tsage, sai an fasa an sake zubawa. Na matsa kusa da tamu. Da ta iso tamu ta ce, "Ƙanwata, ba ke nake gani da bokiti ba? Zo ki saurara." Na kara kunne, ta buga. Wata ƙara siririya ta ratsa har cikin haƙorana.
"Me ta ce miki?"
Da ƙyar na ce, "Ta ƙoshi."
Ta yi dariya har hularta ta karkace. Yaya yana gefe yana cewa ai mun sha wahala. Mun!

Lahadi, 8 ga Yuni
Ruwan farko ya sauka jiya, kogi ya kawo. Babbar mota ta hau gadar da kaya maƙil, ko gezau. Baba ya cire hula ya mayar. Kaka ta taka har tsakiya, ta buga ƙafa sau biyu, ta ce, "Wacce ce tamu?" Tamu fa, in ji Kaka.

Litinin, 15 ga Satumba
Na tsallaka. A aji na bar bencin baya, irin wurin da na saba zama, na zauna gaba lokacin lissafi. Don allo ya fi fitowa ne kawai.
Ƙaramar gudumar Baba tana cikin jakata. Bai nema ba tukuna.