Mai Hoton da Ya Jira Baba Ya Gama Magana

Zuwa ga Yayana, babban wa magajin uba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya ƙara maka buɗi, Ya tsare ka daga wahalar baƙunta, Ya kuma tsare ka daga tumbi, don an ce mini yanzu shi yake riga ka shiga ɗaki. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna ta warware daga gajiyar biki, gwiwarta ce kawai take yi mata gardama da safe. Baba yana shan maganinsa, yana kuma motsa hannun yadda likita ya ce, in ya ga dama. Auta ta tare a gidanta, har ta fara yi mana magana irin ta matan aure. Shagon kafinta kuwa ina riƙe da shi, yatsuna goma cif har yau, sai ka daina tambaya. Ka ce in ba ka labarin biki a waya, na yi ta kewaye-kewaye. Ba raini ba ne. Abin da na gani ne ya fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun da ya saba da allo ne.

Ka san tun da ciwon nan ya shanye wa Baba ɓarin hagu, bakinsa ya karkace, bai ƙara yarda baƙo ya gan shi ba. Kai kanka in ka kira ta bidiyo, da silin kake gaisawa. Abin da muka ɓoye maka shi ne ya sa an fitar da madubi daga ɗakinsa, kuma wata biyar bai taka tsakar gida da rana ba. Da aka sa ranar auren Auta, ya ce ya wakilta Baffa a komai, shi ba zai fito a yi ta kallonsa ana girgiza kai ba. Auta kuwa, ka san jinin wa ta ɗauko wajen kafiya, ta ce in Baba ba zai zauna a walimarta ba, to a ɗaura aure a watse, ita ma ba za ta shiga rumfa ba. Inna ta yi rarrashi har ta gaji. Gida ya yi tsit kamar makaranta in Malam ya shigo da bulala. A cikin wannan hali Gwaggo ta sauka da jakarta da lemarta, ta ce shirin biki ya koma hannunta, ni kuma tun da ni ne namijin da ke gida, kuma kai ka ɗora mini neman mai hoto, to ƙafata ƙafarta.

Yaya, na sha ganin ana shirya biki, amma ban taɓa ganin irin na yayar Baban nan ba. Ba ta zuwa shagon kowa ta ji daɗin baki. Sai ta tambayi inda mutum yake aiki ranar, mu je bayan la'asar, lokacin da taron mutane yake watsewa. Ta ce farkon biki kowa gwani ne, a ƙarshe ake sanin ma'aikaci. Haka muka tsaya a bakin titi muna kallon wani mai rumfa da kujeru, yaransa suna jifa da kujerun cikin mota kamar masu faɗa da su, suka bar ramukan turaku a ƙofar gidan mutane. Gwaggo ta buɗe lema muka wuce. Wanda ta ɗauka, mun same shi ne durƙushe yana cike ramukan da hannunsa, kuma da ta yi masa maganar aiki, tambayarsa ta farko ita ce ko akwai tsofaffi ko marasa lafiya cikin masu zuwa. Mai dafa abinci kuwa, bayan tukwanenta ta leƙa, ba cikinsu ba. Ni kuma na raɗa wa matar cewa mutum dubu uku muke jira. Ko gezau ba ta yi ba, ta ce in haka ne in fara sassaƙa mata muciya da tsawona, ta kuma tambayi Gwaggo ko wannan ne ɗan da ba ya jin magana a gidan. Nan take Gwaggo ta ce ta ɗauke ta.

To, sai batun mai hoto, inda na so in nuna ni ma na san duniya. Na samo wani gaye mai ofis da gilashi, kyamarorinsa uku, har da ɗan jirgin nan da yake tashi sama yana ɗauka. Ina ganin jirgin na ji raina ya kwanta, saura ƙiris in ba shi kafin alƙalami. Gwaggo ta ce in dakata, ba mai yin aiki a bikin gidan nan sai ya shiga ya gai da mai gida. Na ɗauka ladabi ne kawai irin na tsofaffi. Baba ya yi fushi, amma ka san ba ya iya musu da ita. Mai jirgi ya shiga da ƙamshin turarensa, ya yi gaisuwa mai kyau, sai dai idonsa yana kan labule, yana kan agogon bango, yana ko'ina ban da fuskar Baba. Muna fitowa, tun ba mu bar bakin ƙofa ba, ya ce kada mu damu, zai miƙar da bakin a kwamfuta, ba wanda zai gane. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, ban zarge shi ba. Amma Baba ya ji. Ranar ko abincin rana bai taɓa ba. Gwaggo ta sallami mutumin da godiya, sannan ta dube ni, kallon da ya fi mari zafi.

Washegari ta ce in je in kira mata mai hoton fasfo na kusa da tashar mota, wani siriri mai furfura a gemu, wanda shagonsa bai fi bayin gidanmu girma ba. Ashe tun shekarun baya da ta je hoton katin asibiti ta lura da shi, ta ajiye shi a ranta. Ni haushin jirgina bai sake ni ba, sai halin nawa ya motsa. A hanya na ce masa ciwon ya taɓa kunnen Baba, in ba ihu ya yi ba ba zai ji ba, kuma ya matsa dab da kunnen dama. Nufina ya kurma ihu, Baba ya kore shi, in yi dariya, a dawo da nawa. Allah Ya yafe mini, ban tsaya na tuna wanda zai sha kunyar ba.

Muna shiga, ƙofar ta yi ɗan ƙara, Baba ya juyo. Mai hoto ya dubi Baba, ya dube ni, ya yi murmushi, shi ke nan asirina ya tonu ba tare da an ce komai ba. Ya durƙusa ya gaishe shi da murya ƙasa-ƙasa, idonsa cikin idon Baba, kamar yadda ake kallon kowa. Sai ya shafa hannun kujerar da Baba yake kai, ya tambaya wa ya haɗa ta ba ƙusa ko ɗaya. Baba ya fara amsawa. Ka san yadda maganarsa ta koma, kalma ɗaya sai ta yi ta tuntuɓe kafin ta fito. Mu duka, har Inna, mun saba mu ƙarasa masa, muna ganin taimako muke yi. Na buɗe baki zan ƙarasa, sai mai hoto ya ɗaga mini yatsa ɗaya, bai ko waiwayo ba. Ya jira. Yaya, wallahi na ji tsawon jiran nan a ƙashina. Baba ya ja, ya tsaya, ya sake ja, har ya gama jimlarsa da kansa, ta farko cikin wata biyar. Ya ce shi ya haɗa ta, shekarar da aka haife ka. Tsikar jikina ta tashi. Mutumin nan bai san mu ba, bai san ciwon ba, amma cikin minti biyu ya ga abin da mu 'yan gida muka kasa gani.

Hira ta miƙe a hankali. Mai hoto ya ce yana da wani ɗan benci da masu fasfo suke zama a kai, shekara bakwai yana gurgunta, kwali yake cusa masa a ƙafa. Baba ya ɓata rai kamar an zage shi, ya ce a kawo. Da aka kawo, ya ce ɗakin ba haske, ba ya ganin haɗin. Da bakinsa ya ce a fitar da kujerarsa tsakar gida. Inna tana wanke-wanke ta gan shi ya fito dafe da kafaɗata, ta saki kwano, ta shige kicin, ba ta fito ba sai da idonta ya bushe. Kwana uku muna gyaran bencin da a shago rabin awa ya ishe ni. Baba yana nuni da sandarsa, ni ina zarto, yana cewa na ci katako da yawa, gam ɗina ya yi ruwa, samfefa kuma ba haka ake riƙe ta ba. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na kwanakin nan ba. Mai hoto kullum zai rufe shagonsa da hantsi ya zo ya zauna, hannu rabbana, ba kyamara. Na tambayi Gwaggo ko ita ta kitsa masa duk wannan. Ta ce ita zaɓe kawai ta iya, wanda ya iya zaɓen iri ba ya tsayawa yana jan tsiro.

A rana ta uku ya zo da kyamarar, wata tsohuwa da aka ɗaure murfinta da roba. Ya nemi izinin ɗaukar hannun Baba na dama a kan bencin, don ya rataya a shagonsa. Baba ya yarda. Da aka nuna masa, ya daɗe yana kallon jijiyoyin hannunsa da tabon zarton nan na babban yatsa. Can sai ya ce, to a ɗauki mai hannun. Mai hoto ya tambaye shi ta wane gefe yake so. Baba ya ce ta gaba, yadda Allah Ya bar shi. Na kawar da kai, don na tabbata yana gani zai koma ɗaki har abada. Mai hoto ya ɗauka, ya miƙa masa kyamarar ya gani. Sai na ji wani sauti da na manta da shi, Baba yana dariya da rabin baki. Ya miƙa wa Gwaggo, ya ce ta duba, ashe tsohonsu ya koma, har da hararar. Gwaggo ta duba ta ce tsohonsu ya fi shi kyau nesa ba kusa ba. A nan ya ce a wanke masa farar rigarsa.

Ranar walima mai rumfa ya bar hanya mai faɗi a tsakanin kujeru, ya shimfiɗa tabarma a kai don kada sanda ta nutse a ƙasa, ba wanda ya sa shi. Abinci ya sauka kan lokaci, ya ishi kowa har maƙwabta. Baba ya fito a kafaɗata, taku ɗaya-ɗaya, mutane suka miƙe tsaye. Wasu sun sunkuyar da kai, ba zan ɓoye maka ba, ya kuma gani, amma bai tsaya ba. Auta tana hango shi ta manta ita ce amarya, ta taso da gudu, kwalliyar da aka yi awa biyu ana yi ta tafi cikin minti ɗaya. Ya yi musu addu'a ita da angon, gajeriya, amma ta ɗauki lokaci, kuma duk rumfar nan ba wanda ya ƙarasa masa kalma, don na riga na bi manyan bakuna ɗaya bayan ɗaya na ce duk wanda ya yi, Gwaggo ta ce ba shi ba nama. Wannan ƙaryar ban nemi gafara a kanta ba. Mai hoto kuwa ban ma san inda yake tsayawa ba duk yinin, sai da hotuna suka fito na ga ashe yana ko'ina.

Ga su nan na sa maka guda goma sha biyu a ambulan. Na sama shi ne na Baba, shi ya zaɓa da kansa, ba a taɓa masa komai ba. Ya sa ni na zauna ya faɗa mini saƙonka, na jira har ya gama. Ya ce ka kalle shi ka ƙoshi tun kana can, ka yi kukanka in za ka yi, don ranar da ka shigo ɗakinsa ba ya son ka dubi ƙasa.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Gwaggo da Baffa suna sa maka albarka. Auta da angonta sun ce a yi maka godiya. Ka gai da matarmu, ka ce mijinta na gaskiya yana nan yana jiran ta gaji da kai. Ka shafa mini kan Mai-sunan-Baba da 'yar ƙanwarsa. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninka,
wanda Gwaggo take kira Kwaɗo