Murhun da ke Jiran Arnoldo

Santiago, watan Mayu

Mama,

Ina gaishe ki da kyau, ke da 'yar'uwata Fresia da yaranta. Yaya ruwan sama a can gida Chiloé bana? Yaya gwiwar taki?

Ni lafiya lau. Ɗakina akwai ɗan sanyi, amma na saba. Har yanzu ina shagon Don Aladino, muna gyaran tsofaffin murhunan ƙarfe. Mu kankare tsatsa, mu sake jera bulon ciki, mu goge har su yi sheƙi. Jiya na gama wani irin naki sak. Ina nuna wa matar da ta saya yadda wuta ke zagaya tanda kafin hayaƙi ya fita, sai ta ce, "Kada ka wahalar da kanka, furanni zan ɗora a kai."

Fresia ta ce naki yana mayar da hayaƙi cikin ɗaki, burodi ba ya gasuwa ta ƙasa, kina ta tari. Wai kin hana kowa taɓa shi, kin ce, "Arnoldo zai zo kafin sanyi."

Mama, bana ma ba zan samu zuwa ba.

Kunkunniya ce ta toshe hanyar hayaƙin. Ki bari murhun ya huce, mijin Fresia ya buɗe 'yar ƙofar da ke ƙarƙashin tanda ya kwashe ta. Inda ya tsage a liƙe da yumɓu. Wutar farko ta zama ƙarama, kada ƙarfen ya ƙara tsagewa.

Don Allah ki bari mijin Fresia ya taɓa shi. Aikin rabin yini ne kawai, na sani, kullum ina yi wa mutanen da ba sa jin sanyi.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Ɗanki,
Arnoldo