Zuciyar da Ake Tofa wa Yawu

Zuwa ga Ishbel, sanyin idaniyata, fitilar da jirgina ke nema idan hazo ya rufe teku, furen tsauni mai leƙowa bayan sanyi ya gama cin ƙasa,

Gaisuwa daga wanda ya tsaya a ƙofarki ɗazu, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya kasa. Ina cikin Edinburgh. Ruwa ya tarbe ni tun daga tashar jirgin ƙasa, yayyafin nan na garinku da ba ya dukan mutum, sai dai ya bi shi a hankali har cikin ƙashi.

Kin tuna zuwana na baya? Ruwa irin na yau. Muka gangaro daga tsohuwar fadar kan dutse cikin laima ɗaya, iska ta juye ta, kika ce in bar ta, ai mu ba gishiri ba ne. Gashinki ya jiƙe ya kwanta a kumatunki kamar ciyawar teku a jikin dutse, ban taɓa ganin abin da ya fi shi kyau ba. Da muka iso gefen babban coci, kika tsaya a bakin zuciyar nan da aka jera da duwatsu a tsakiyar hanya, kika tofa mata yawu yadda 'yan garinku ke yi. Kika ce, "Tofa, Murdo. Baƙon da ya tofa, sai ya dawo." Ni kuwa, da uwata ta hana ni tofi ko a cikin teku, na duba hagu na duba dama, na ga idon jama'a, na kewaye ta. Kika ce, "Kai dai da tsufanka aka haife ka!" Kika yi dariya, amma ta fatar baki.

Kin daɗe kina tambayata ko zan bar garinmu Oban na bakin teku in zo mu zauna tare, na daɗe ina cewa bari in yi tunani. Sai a hanyar komawa na gane tambayar nan ce kika sake yi mini a bakin zuciyar, kuma kin karɓi kewayewata a matsayin amsa. A tasha ba ki tambayi yaushe zan dawo ba.

Kin san kowace yamma nakan rubuta yadda gari ya wuni. Tun daga ranar abu ɗaya nake maimaitawa: iska daga yamma, teku kwance, Ishbel ba ta kira ba. Wayyo, rabin raina! Me zan yi da teku kwance alhali ƙirjina na ambaliya? Tsuntsayen ruwa suna da gaɓar da suke komawa, ni ina tawa? Wa zai yi mini dariya idan na ninke tawul sau biyu don na farko bai yi daidai ba?

Na ajiye aikina na ɗaurin igiyar jirgin fito. Makullin gidan mahaifiyarmu yana hannun ƙanwata Kirsteen. Akwatina na masauki, ban kwance shi ba.

Yau na je wurin zuciyar. Na tsaya har ruwa ya cika mini takalma, sannan na rufe ido na tofa. Wata tsohuwa da ke wucewa da jakar cefane ta ce, "Haba ɗana, ko kyanwa ai ta fi ka ƙoƙari!" Kafin in buɗe ido ruwa ya wanke tofin, ko alama babu. Shi ne abin da ya hana ni ƙwanƙwasa ƙofarki. Tofin da ruwa ya tafi da shi tun bai zauna ba, an yi shi ko ba a yi ba? Na yi latti ne? In na ce miki na tofa, da me zan nuna?

Don haka nake roƙonki, hasken damunata, ki zo ki zama shaida. Gobe idan igwar tsohuwar fadar nan ta yi harbinta na ƙarfe ɗaya na rana, ina tsaye a wurin, ba laima, a gaban duk mai ido. In ba ki zo ba, ba zan ga laifinki ba. Zan dawo jibi, in dawo gata. Ai ke kika ce wanda ya tofa sai ya dawo.

Naki ke kaɗai, har ranar da duwatsun garin nan za su bushe,

Murdo