Ƙwayar da Ta Hana Allura

Ard al-Liwa, Alƙahira

Zuwa ga Yaya Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kewa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara da mutanen Maraɗi?

Kin tambayi tarin maigidana, Baban Husam. Hoton ƙirji ya nuna wani tabo a huhunsa, sai an soka allura an ciro ɗan nama an auna kafin a san ko mene ne. Likitar, wata Dakta Arwa, ta ce huhu wuri ne mai saurin zubar jini, don haka ya bar ƙwayar asfirin da yake sha saboda zuciya har kwana bakwai, domin tana tsinka jini. Ya ce ya bari.

To, sau biyu ke nan muna zuwa da azumin da aka ce ya yi kafin aikin, ta yi masa 'yan tambayoyi da Larabci, ta rufe fayil, ta sallame mu. Shi ke fassara mini, wai na'ura ce ta lalace. Yaya, na'urar da ta lalace ce ake shiga da wasu a gabana? Raina bai kwanta da matar nan ba. Ina zargin don mu baƙi ne take juya mu, alhali mutum yana ramewa, wandonsa har ya fara zamewa. Zan tafi da Mawada, maƙwabciyata Bahausar Sudan, ta zama kunnena.

Ki gaida Inna, kada ki gaya mata.

Ƙanwarki,
Zeinabu

Yaya Ummi,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na ɗauki alhakin likita. Ran Talata Mawada ta zauna a bayanmu kamar mai jiran layinta. Da muka fito sai ta ja ni gefe. Ashe tambaya ɗaya ake yi masa kullum, ko ya sha ƙwayar, shi kuma ya ce ya sha jiya bisa mantuwa. Likitar har roƙonsa ta yi, ta ce ba za ta soka masa allura jini ya cika masa ƙirji ba, kuma tabon ba ya jiran kowa.

Na birkice ɗakin nan kaf. A cikin naɗin hularsa ta Juma'a na sami ƙwayoyin. Na ajiye hular a gabansa. Mutumin da ke daka wa direban bas tsawa da Larabci sai ga shi yana hawaye. Wai muddin ba a ciro naman ba, ciwon ba shi da suna, tari ne kawai. Na yi fushi, wallahi, amma na kasa yi masa faɗa.

Ƙwayoyin sun kwana bakwai ƙulle a bakin zanena. Jiya aka yi aikin. Jinin da ya tofar bai cika cokali ba, aka kwantar da shi ta gefen da aka soka na 'yan awoyi, muka dawo gida.

Sakamako zai fito ran Alhamis. Na ce Mawada ce za ta karanta, don na daina yarda da fassararsa. Amma yau da safe, Yaya, na kama kaina ina tunanin ce mata an ɗaga ranar.

Ki sa mu a addu'a. Yanzu kam ki gaya wa Inna.

Taki har kullum,
Zeinabu